Waƙar da Delia Take So

Akwai wani saurayi mai suna Corbin a garin Escondido na Amurka, mawaƙin wata ƙungiyar kiɗan pop punk. A garejin mahaifiyarsa suke gwaji, tsakanin injin wanki da tsofaffin tayoyi. Mai buga musu ganga shi ne Tobin, abokinsa tun firamare.

Al'adar masu irin kiɗansu ce, kafin a tashi daga wasa sai a ɗauko wata waƙar soyayya da ta cika gidajen rediyo, a ninka saurinta, a buga ta da ƙarar jita. Wasu don so suke yi. Corbin kuwa don ba'a.

A shekarar akwai wata waƙa mai sanyi, ko kanti ka shiga ita za ka ji. Corbin ya ce ita za su yi. Har ya ƙirƙiro wani kukan ƙarya da zai riƙa sakawa a amshi, yana jan majina.

Tobin ya ajiye sandunansa. "Mutumina, zaɓi wata. Wannan Delia ke saurara in ana ƙara mata magani a asibiti."

Delia ƙanwar Tobin ce, ta daɗe tana jinya.

Corbin ya yi dariya, bakinsa cike da pizza. "To, sarkin tausayi, ƙanwar taka za ta zo wasan ne? Kai dai buga gangarka."

Ranar wasan Tobin ya buga, kansa a sunkuye. Jama'a suka yi ta dariya, wani ya ɗauki bidiyo, ya bazu a wayoyi. 'Yan makaranta suka haddace kukan nan. Sunan Corbin ya tashi, Tobin kuma ya kwashe gangunansa ya bar ƙungiyar.

Ba a jima ba Delia ta rasu. Corbin ya je cocin da ake jana'izarta, ya zauna a gefe. Kamar yadda ta roƙa, aka saka mata waƙarta, mai sanyin, ta asali.

Da aka zo amshi, sai wani yaro cikin 'yan ajin su Delia ya saki kukan ƙaryar nan. Ba da gangan ba, bakinsa ne ya saba. Na kusa da shi suka toshe baki, amma dariyar ta kuɓuce.

Mahaifiyar Delia ta waiwayo. Ba yaran ta kalla ba. Corbin ta kalla.

Daga ranar waƙar ta riƙa binsa. Gidan mai, wurin aski, motar da ta tsaya kusa da tasa a danja. Duk inda amshin ya zo, sai ya ji ƙaramar dariyar nan a bayan kunnensa, ya waiga, babu kowa. A dandamali jama'a na ihu, "Yi mana kukan!" Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Da abin ya ishe shi, ya je ya sami Tobin a shagon da yake gyaran kekuna.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa. Na daina yin ta, na goge bidiyon."

Tobin bai ɗago daga sarƙar da yake shafa wa mai ba. "Ni na yafe tuntuni. Amma ka san me? Waƙar nan kaɗai ce abin da ya rage mini da nake jin Delia a ciki. Jiya na saka ta a mota." Ya ajiye sarƙar. "Muryarka na ji, Corbin. Za ka iya mayar mini da ita?"

Corbin ya kai dubansa gefe. Rediyon shagon kuwa a kashe yake, ƙura ta rufe shi, Tobin ya daina kunna shi.

Darasi: Abin da kake mayarwa abin dariya, wataƙila shi wani yake riƙe da shi don kada ya faɗi. In aboki ya ce maka "bar wannan", ka bari, domin ana yafe laifi amma ba kowace ɓarna ke gyaruwa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai kama bakinsa tun da wuri.