Anaruwa da Kokawar Bakin Tafki

A zamanin da, tun dajin arewa bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Anaruwa ya biyo sawun gwanki har bakin wani tafki da bado ya lulluɓe. An ce da ya sunkuya zai sha ruwa, kada ya ja shi ƙasa, har aka fid da rai da shi. Da kaka ta yi sai ga shi ya fito yana ɗingishi, kansa fari fat, rigarsa a bushe. Bai taɓa faɗin abin da ya gani ba. Ya dai ce kadoji sun koya masa yadda ake juya abin da ya fi ƙarfin mutum.

Ya tarar da manoman wurin cikin ƙunci. Kowace shekara sukan yi kokawa da mutanen tsallaken tafkin, ɓangaren da ya yi nasara shi ne ke shayar da dabbobinsa a tafkin da rani. A wancan lokaci ba a cewa an ka da mutum sai bayansa ya taɓa ƙasa. Mutanen tsallake kuwa in an kai su ƙasa sai su kife kamar kunkuru, su jira na samansu ya gaji, sannan su juya shi. Shanun manoma suna ta mutuwa da ƙishirwa.

Anaruwa ya tara samari a kan yashi, yana bin su yana gyara musu kamu.

"Ku daina ja da hannu," in ji shi. "Ɗora ƙirjinka a bayansa, ka yi nauyi kamar jiƙaƙƙen yashi. Zura hannu ta hammata ka kama ƙeya. Ƙafa ce ke turawa."

Cindo, wanda ya fi su ƙarfi da gaggawa, ya ce, "Baba, in ya ƙi juyuwa fa?"

"Saurari numfashinsa, ɗana. Sa'ad da ya sauke shi, ƙofa ta buɗe."

Ranar kokawa Cindo ya kai Tunau, gwarzon tsallake, ƙasa. Tunau ya kife. Cindo ya kwanta a kansa ya lumshe ido, har aka zaci barci ya kwashe shi. Anaruwa na tsaye, kiɗan ganga ya yi masa nisa kamar daga ƙarƙashin ruwa yake jin sa. Sai ya ga Tunau ya sauke numfashi, Cindo ya juya shi sannu a hankali, ya danne kafaɗunsa a ƙasa.

Maroƙa suka ɗauka: "Anaruwa baƙon kadoji! Ruwa ba ka gaggawa, sai ka ci gaɓa!"

Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shanunsu su ma su sha."

A nan aka kafa garin Juyau. Har yau ɗan kokawar garin ba ya shiga fage sai ya shafa jiƙaƙƙen yashin tafkin a ƙirjinsa.