Malama Agata da Gurbin Ƙarshe

Akwai wata baiwar Allah a ƙauyenmu na bakin teku kusa da Dangjin, nan Koriya ta Kudu, mai suna Pyo Geum-rye. Kowa dai Malama Agata yake kiran ta, sunanta na baftisma. Ta haura casa'in kafin Ubangiji ya ɗauki abinsa, kuma ni kam ba na gajiya da yin taƙama da ita.

Tana budurwa, duk lardinmu babu macen da ke shan gabanta a gudu. Daga baya ta zama malamar wasanni a firamarenmu, inda ta tsiro da wata ɗabi'a.

Ranar wasannin makaranta, iyaye sun baza tabarmi da dafaffen ƙwai, 'yan shuɗi da 'yan fari suna ta ihu. Da an busa usur ɗin tsere, sai Malama ta bi bayan yaron da aka bari a baya, ba za ta taka layin ƙarshe ba sai ya taka.

"A ajina ba yaron da zai zo na ƙarshe," in ji ta. "Wannan gurbin nawa ne."

Ɗanta Tae-sik ne abin ya fi ci wa rai, don yara sun laƙaba masa "ɗan kunkuru".

"Haba Inna! Ke da kika ci kofin lardi? Kullum sai kin ba ni kunya?"

"In ka girma ka gane," ta ce.

Ya girma, ya zama babban mutum a Seoul, amma bai gane ba.

Ita kuwa ko da ta tsufa ba ta fasa ba. Ta je sujadar safe, ta fito ta bi kunyar gonakin shinkafa da sassarfa, carbinta a hannu. Duk Katolikan da ya rasu a yankin, ita ce kan gaba wajen yondo, addu'ar da muke rera wa mamaci, sashe ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya amsa.

Sai dai ƙauye ya watse. Matasa sun tafi birni, cocinmu saura tsofaffi 'yan ƙalilan. Wannan ne kaɗai abin da na taɓa gani ya tsorata ta.

Wata rana ta ce wa jikarta Hye-rin, "Ke 'yar nema, na rera wa kowa. Ni wa zai amsa nawa?"

"Kaka, ke da mutuwa ma ba ta iya kamo ki a gudu?"

Malama ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

Da ta rasu, Tae-sik ya kama hayar ɗan ƙaramin ɗaki a gidan da ake zaman makoki. Hye-rin ta yi masa maganar yondo, ya ɗaga kafaɗa.

"Wa ya rage da zai rera? A kunna a waya kawai. Ai ita ta zaɓi zama a baya."

Yarinya ta fita tana hawaye. A kasuwa ta ci karo da Bong-su mai kifi, ƙaton mutum mai tumbi, tsohon ɗalibin Malama. Ta amayar masa da komai. Ko wuƙarsa bai wanke ba, ya zaro waya.

Washegari tsofaffin cocinmu suka zauna gaban hotonta. Suka ɗauki baiti da muryarsu mai rawa, aka yi shiru, babu mai amsawa. Zuciyata ta karye.

Can sai muka ji hayaniya a baranda. Ga Bong-su yana haki. Ga Mal-sun da ta tashi da shan inna, tana dogara sanda. Bayansu furfura ce har bakin titi, duk waɗanda Malama ta taɓa bi a baya ne.

Bong-su ya cire hula ya ce, "Iyaye, ni mabiyin addinin Buda ne, ban taɓa shiga coci ba. Amma ku gaya mana abin da ake cewa."

"In mun kira sunan mai tsarki, ku ce: yi addu'a domin Agata."

Jama'a, ban taɓa jin yondo irin wannan ba! Muryoyi a karkace, wani na gaba wani na baya, amma har tagogi sai da suka amsa. Tae-sik ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

A rana ta uku aka ɗauke ta zuwa maƙabartar da ke tudun bayan coci, Hye-rin riƙe da hoto a gaba. Sai ɗaliban nan suka ja baya, suna gardamar wanda zai zama na ƙarshe.

"Matsa, mai tumbi, ni na fi ka nawar tafiya!" in ji Mal-sun.

"Ke da sandarki ma kin taɓa wuce ni!"

Tae-sik ya juyo ya ce, "Don Allah ku matso gaba."

"A'a, ɗan kunkuru," in ji Bong-su. "Ta gaji da bin bayanmu. Yau ita ce a gaba."

Tae-sik ya kalle su. Sai ya bar wurinsa na babban ɗa, ya ratsa jama'a har ƙarshen layi, ya tsaya bayan Mal-sun.

Ta ce, "Kai, koma wajen mahaifiyarka."

Ya share ido da hannun riga ya ce, "Yi tafiyarki a hankali, Yaya. Wannan gurbin na gidanmu ne."

Haka ya hau tudun nan taku bayan taku, bai taka maƙabarta ba sai da Mal-sun ta taka.

Darasi: Kada ka raina mai jiran wanda aka bari a baya. Wanda ka tsaya wa yau, shi zai amsa maka ranar da ba ka da murya. Ku tura wa malamin da ya taɓa jiran ku, tun yana raye ya ji godiyarku.