Muryar Alhaji Gambo

Alhaji Gambo mai sayar da na'urorin wasan bidiyo ya kai ƙarar Nomau tela wurin Sarkin Kasuwa, wai yana buga wasa a kwamfuta da manhajar da ke kwaikwayon na'urar.

Sarki ya ce, "Kwaikwayo sata ne. Ciro na'urar daga kwamfutarka ka mayar masa, ko ka bar kasuwata."

Nomau ya maƙe murya irin ta Alhaji: "Wallahi faɗuwa nake yi!"

Alhaji ya daka tsawa, "Ni kake kwaikwayo?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ga muryarsa nan a bakinsa. Me zan mayar?"

Sarki zai amsa, sai ya ga Nomau ya ƙura wa bakinsa ido. Ya sallame su da hannu.