Ranar da Mota Ta Ƙi Tashi da Gwaggo a Ciki

Akwai wani direba a Jega mai suna Arzika. Sana'arsa jigilar albasa. Da sassafe yake tafiya Aliero, ya ajiye motarsa a inuwa ana loda buhuna har hantsi ya ɗaga, sannan ya dawo kasuwar Jega ta wuni a tsaye ana saukewa. Motar ta kwana biyu a duniya, amma ba ta taɓa ba shi kunya a wannan hanyar ba.

Arzika maraya ne. Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tabawa, ita ta rene shi. Tana ƙaunarsa kamar ranta, sai dai in ta yanke magana a gidan nan, to ta yanku.

Bayan damina ya auro Khairiyya daga Karaye. Ba a jima da biki ba mota ta ɓullo da wani sabon hali.

Ranar farko ya kai amarya gaida iyayenta ne. Suka yi doguwar tafiya cikin rana, ya kashe mota a ƙofar gida, aka gaisa a tsaitsaye, suka fito. Ya murza makulli. Inji yana juyawa da ƙarfinsa, amma ya ƙi kamawa. Samarin gari suka tura har suka jiƙe da zufa, a banza. Sai bayan la'asar ya sake gwadawa, ta tashi tamkar ba ita ba.

Karo na biyu a Maiyama ne, da Khairiyya ta ce ya tsaya ta sayi kifi. Nan ma haka aka yi.

Arzika ya shiga zagayen gareji. Wannan ya ce batir ne, aka sauya. Wancan ya ce fulogi ne, aka sauya. Aka ce famfon mai, shi ma aka sauya. Abin haushin, da safe yake kai musu motar, a lokacin kuwa murzawa ɗaya take tashi. Babu bakaniken da ya taɓa ganin ta cikin ciwon.

To, kun san mutanenmu. In an rasa dalili, sai a nemo mutum.

"Kai ba ka lura ba?" in ji Gwaggo Tabawa wata rana. "In kai kaɗai kat tahi Aliero, lahiya lau. Da yarinyag ga ta shiga, mota ta mutu. Hwarar ƙahwa gare ta, Arzika."

Ya ce mata a'a da baki, amma maganar ta shige shi. Da suka sake zuwa Karaye motar ta ƙi tashi, sai ya dubi matarsa a gaban jama'a ya ce ta sauka ta koma can gindin bishiya. Ta sauka, ta tafi ta tsaya. Bayan wani lokaci ya murza, mota ta tashi.

Wallahi ni wannan wurin ne ya fi ɓata mini rai a labarin nan. Mace ta baro gidan ubanta dominka, ka tsayar da ita a gefen hanya kana gwada ta kamar tsohon batir.

Daga nan magana ta zaga unguwa, Gwaggo da kanta take kai ta gida gida. Mata suka daina aron turmin Khairiyya. Wata ma janye ɗanta ta yi da Khairiyya ta miƙa hannu za ta ɗauke shi. A ƙarshe Gwaggo ta tara ma'auratan a tsakar gida ta ce kafin kakar albasa ta kankama, sai Arzika ya sallami matarsa.

Arzika ya sunkuyar da kai. Khairiyya kuwa ta ɗago nata.

"Gwaggo, ba ni zuwa ko'ina," ta ce. "Da mutunci anka kawo ni gidanga, ba ni hita da wanga suna. In na hita da shi, har ƙannena sai ya bi."

"Ke, ni kika maida ma magana?"

"Ba rashin kunya ba na, Gwaggo. Ni ka zama cikin motag ga in ta mutu, na ko lura da ita. Ba ta ƙin tashi sai an yi tahiya mai nisa, inji ya yi zahi, an kashe ta an so tada ta nan take. In ta huce sai ta tashi. Ranar da anka kore ni gindin icce, ba nisana yat tada ta ba, hucewa tay yi."

Gwaggo ta yi dariya. "Yau kuma kanikanci kinka koya?"

"Ban koya ba. Amma jibi za ki Liba barka. Ni ina nan gida, ko kusa da motar ba ni zuwa. Shi kai ki, shi kashe ta ƙohwar gida, ku gaisa, shi sake murzawa. In ta tashi, ba sai an kore ni ba, da hannuna zan ɗaure kayana."

Khairiyya ta san abin da ta ɗora a kan maganar nan, aurenta ne ɗungurungum. Kuma tsohuwar mota ba ta da alkawari, tana iya ga dama ta tashi ranar. Amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Ta juya wajen mijinta ta ƙara sharaɗi guda. Akwai wani mai gyaran wutar mota a Jega, Sirajo, wanda ya taɓa ce wa Arzika shi ba zai kwance komai ba sai ya ga motar tana cikin ciwon. Ta ce a tafi da shi.

Ranar tafiya Gwaggo ta ci ado ta hakimce a gaba, Sirajo yana baya da jakar kayan aikinsa. Rana ta take sosai kafin su isa Liba. Suna tsayawa Gwaggo ta ce, "Kashe ta!" Ta shiga ta yi wa mai jego barka a gurguje, ko ruwa ba ta tsaya sha ba, ta fito ta koma mazauninta.

"To, murza mu gani."

Arzika ya murza. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba.

"Sake."

Ya sake. Shiru. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dubi gaba.

Sirajo ya fito yana murna kamar an yi masa albishir. "Yawwa, yanzu anka zo wurin. Malam Arzika, murza kuma, ka dubi allurar nan mai nuna gudun inji. Ta motsa?"

"Ko kaɗan."

Ya buɗe gaban mota, ya zaro wayar fulogi ɗaya ya gwada, babu wuta. Ya jona 'yar na'urarsa ya karanta, sannan ya kwanta ya leƙa ƙasan inji, ya nuna wani ɗan baƙin abu da bai wuce babban yatsa ba, da waya a jikinsa.

"Ga mai laihin nan. Sensar kiranshaf ta. Ita ka hwaɗa ma kwamfutar mota cewa inji na juyawa, sannan a saki wuta da mai. In ta hwara lalacewa, da ta ji zahi sai ta yi shiru, kwamfuta ta ɗauka inji tsaye shike. In ta huce ta dawo aiki. Hanyar Aliero kana aje mota ta huce kahin ka tada ta, shi yas sa ba ka taɓa gani ba."

Ya karɓi buta, ya tsiyaya ruwan sanyi a kan ɗan abin nan, ya ɗan jira. Arzika ya murza, mota ta ɗauka. Suka kamo hanya ba tare da sun sake kashe ta ba, har garejin Sirajo, inda ya ɗaura sabuwa.

Labari ya riga su isa gida, don wani ya ɗauka da waya ya tura. Gwaggo tana shigowa ta tarar da matan unguwa cike da tsakar gida, waɗanda jiya suke gudun Khairiyya. Wata maƙwabciya, Ummi, ta tafa hannu.

"Ashe dai Gwaggo ta mai hwarar ƙahwar! Ku ja ɗiyanku, ga ta nan tahe!"

Aka kwashe da dariya. Tsohuwar nan ta tsaya a bakin zaure, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Arzika yana bayanta, kunya ta hana shi ko ɗaga ido.

Khairiyya ta fito daga ɗaki. Kowa ya zaci yau za ta rama.

"Ummi, kama bakinki," ta ce. "Ba a kiran kowa da wanga suna gidanga. Ba ni ba, ba Gwaggo ba. Ƙarhe na yal lalace, an sauya shi. Wadda duk taz zo dariya, ga hanya nan."

Dariya ta ɗauke. Ɗaya bayan ɗaya suka ja mayafansu suka fice. Khairiyya ta shimfiɗa tabarma, ta kawo wa Gwaggo ruwa.

Gwaggo Tabawa ta riƙe kofin ta kasa sha. Hawaye suka zubo mata.

"Ni nis sa miki sunan," ta ce, "ke kuma kin hana a sa mini."

Washegari ta yafa mayafinta ta shiga unguwa ita kaɗai. Duk gidan da ta sani ta yi sallama, ta tsaya a tsakar gida ta ce ƙarya ta yi wa surukarta, a shaida.

Darasi: In abu ya lalace, a nemi dalilinsa kafin a nemi wanda za a ɗora wa. Babu mace mai farar ƙafa, arziki da rashinsa na Allah ne. In an liƙa maka sunan ƙarya, ka tsaya da ƙafarka ka ƙi shi, kuma ranar da gaskiya ta fito kada ka bari a liƙa wa wani. Direbobi kuma, motar da ke ƙin tashi da zafi ta tashi in ta huce, a sa a duba sensar kiranshaf kafin a taɓa auren kowa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wata Khairiyya a unguwarku da ake gudu yau.