Rawani Ɗaya, Manzanni Uku

Ku matso nan, ku bar wannan surutun, yau sai na haɗa ku gardama.

A zamanin kakanninmu, wani maharbi daga Rafin Kuka mai suna Mantau ya hango motsi cikin ciyawa, ya ɗauka gwanki ne, ya saki kibiya. Ashe dokin Sarkin Dutsen Gauta ne yake kiwo! Doki ya mutu, aka kama Mantau, sarki ya rantse sai ya sare kansa. Mantau kuwa ƙanin dagacin Rafin Kuka ne, in jininsa ya zuba, yaƙi ya tashi ke nan.

Dagaci ya kira mutum uku, Jatau, Ɗangoje da Nomau, ya ce wanda ya dawo masa da ƙaninsa shi zai naɗa Wakili. Mutanen nan kuwa tun suna yara ba sa ga-maciji. In ɗaya ya ɗinka riga, sauran sai sun kwana da ciwon kai.

Da suka isa, sarki ya ƙi ganinsu. Aka bar su cikin rana, fadawa na zaginsu, har wata tsohuwa ta watsa musu ruwan wanke-wanke. Ɗangoje da Nomau suka tashi za su koma gida. Jatau, mutum mai sanyi kamar randa, ya goge fuska ya gyara zama. Kada ku ce don Mantau ya yi. So yake a ce shi kaɗai ya jure. Sauran suka gane, suka dawo suna hararsa. Haka suka yini, har kunya ta kama sarki, ya ce a shigo da su.

A ciki, Jatau na lallashi, sarki na gyaɗa kai, amma ga Mantau a durƙushe, hauni ya riga ya zare takobi. Ɗangoje, wanda abu kaɗan ke tunzura shi, ya ga ana sauraron Jatau, zuciyarsa ta tafasa. Ya yi tsalle ya faɗa tsakanin Mantau da takobi, ya yage rigarsa.

"Fara da ni! A ji a duniya Sarkin Dutsen Gauta ya kashe manzo saboda dabba!"

Hannun hauni ya tsaya cak. To amma an ƙure sarki gaban jama'arsa. Ya rantse, yanzu kuma an yi masa tsawa, ina zai sa fuskarsa? Idonsa ya kaɗa ya yi jajir.

Nomau, sarkin shaƙiyanci, ya ga abokan hamayyarsa sun yi suna shi yana tsugune. Ina! Ai ba zai yiwu ba. Ya rarrafo tsakiyar fada yana haniniya.

"Ranka ya daɗe, doki aka kashe maka, ga doki na kawo. Hau! Sai dai ni ba na cin harawa, tuwo da miyar kuka nake so."

Sarki ya cije leɓe, ya cije, dariya ta ƙwace masa. Fada ta ɗauka. Ya ce a kwance Mantau, tunda an biya doki rantsuwa ta faɗi. Daga ranar garuruwan nan suka zama abokan wasa, har gobe mutanen Dutsen Gauta na ce wa na Rafin Kuka dawakinsu, ba a sake ɗaga wa juna makami ba.

Amma wallahi mutanen nan uku ko a hanya ba su jera ba. A gaban dagaci Jatau ya ce in ba don shi ba, ko zaure ba su gani. Ɗangoje ya ce in ba don shi ba, da gawa za su dawo. Nomau ya ce in ba don shi ba, da gawa biyu za su dawo. Aka tambayi Mantau, ya fashe da kuka, ya kasa zaɓe.

Babu wanda ya yi don Allah a cikinsu, duk hassada ce ta tura su, kuma rai ya tsira. Rawani ga shi guda ɗaya a hannun dagaci. To ku faɗa mini, kan wa za a naɗa shi?