Labarin da Bai Kai Tunga Ba

An yi wani mutum a Katuru, mai fataucin albasa. Allah ya rufa masa asiri, rumbunsa cike, 'yarsa Saude ta fara tasawa. Duk ranar kasuwa yakan shiga mota zuwa Ƙaura, in ya dawo mutane su kewaye shi su ji labarin duniya. Aibinsa ɗaya, yana gaba da ƙanensa Namadi kan iyakar gona. Namadi ya kwashe iyalinsa ya koma tunga bayan rafi.

Wata damina, farkon zuwan Shari'a, amai da gudawa suka shigo ƙauyuka. Ana cikin mota ana raha sai rediyo ya fara sanarwa.

"Direba, ƙara muna murya," in ji wata tsohuwa daga kujerar mata. "Kai kuma mai albasa yi shiru, warinka ma ya ishe mu."

Aka yi dariya, aka kasa kunne. Likita ya ce a tafasa ruwan sha, wanda ya kamu a ba shi ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi asibiti.

Mutumin ya riƙe maganar tsaf. Ya bi gida-gida yana faɗa, ana sa masa albarka, yana jin daɗi. Da ya hangi hanyar tunga sai ya kau da kai. Ya ce a ransa, ai Namadi ma yana da kunne.

Ashe matansu ba su shiga gabar ba. Ranar da ya koma kasuwa, matarsa ta aiki Saude tunga da dawon fura. Ruwa ya sauko, rafi ya cika, yarinya ta kwana can. Ta sha ruwan tafkin da suke sha. Da ciwo ya kama ta, ba wanda ya san abin yi. Namadi ya goyo ta ya ratso ruwa har ƙirji, amma kafin ya iso gari ta cika.

Tun daga ranar mutumin bai sake shiga mota ba. Albasarsa ta ruɓe, bakinsa ya mutu. Yau Namadi ke noma masa, ba gori, ba tuna baya.

Ya 'yan uwa, me gaba ta ƙara masa? Labarin da zai ceci rai amana ne a wuyan wanda ya ji shi. Ku kai shi ko ga wanda ba ku gaisawa.

Allah ya kiyaye mu, ya wanke mana zukata. Amin.