Zabuwar da Ta Ci Jarrabawa

An yi wani zamani a Fadamar Tsamiya da labaran ƙarya suka hana dabbobi sakat. Yau a ce maharba sun shigo, kowa ya faɗa cikin ƙaya. Gobe a ce an zuba guba a tafki, a wuni da ƙishirwa. Daga baya a gane babu ko ɗaya.

Da abin ya ishe su, sai tsoho Kunkuru ya tara kowa. Ya ce, "Zan faɗi labari goma. Wanda ya fi gane na gaskiya da na ƙarya, shi zai riƙa tace mana labari, abin da ya ce kuma shi za mu bi."

Biyu suka fito. Akwai Zabuwa mai baki da ji da kai, sai Bushiya mai nawa, wadda ba ta yanke magana sai ta gani da idonta.

Kunkuru ya ce, "An ce kukar bakin daji ta faɗi jiya."

"Ƙarya ne!" in ji Zabuwa, tun bai rufe baki ba.

Bushiya ta ce, "Wa ya gani? Bari in je in dubo."

Wuri ya kaure da dariya. Zabuwa ta ce, "Kafin ki dawo ai an yi girbi!"

Haka aka yi ta yi. Duk abin da Kunkuru ya faɗa, Zabuwa ta ce ƙarya ne. Shi kuwa ashe tara na ƙarya ya shirya, ɗaya tak na gaskiya. Zabuwa ta ci tara. Bushiya biyu kaɗai ta samu amsawa, sauran lokacin ya ƙare mata a hanya.

Bushiya ta ce, "Baba Kunkuru, ba ganewa ta yi ba. Ko cewa ka yi sunanta Zabuwa, ƙarya za ta ce."

"Hassada ce ke cin ki, 'yar ƙaya!" in ji Zabuwa.

Kunkuru ya ji gaskiya a maganar Bushiya, amma rana ta yi zafi, kowa na son tashi. Ya ba Zabuwa aikin. Wannan wurin shi ke ba ni takaici, domin ba wanda ya tambayi labari ɗayan nan na gaskiya da ta ƙaryata.

Da farko abin ya yi daɗi. Jita-jita ta zo, Zabuwa ta ce ƙarya ne, kowa ya ci gaba da kiwo. Damina ta gabato, tsuntsaye suka zuba ƙwai cikin ciyawar busasshen rafi. Zabuwa kaɗai tana da ashirin, saura kwana uku su ƙyanƙyashe.

Ran nan da hantsi sai ga Belbela, mai bin shanun makiyaya, ta sauka tana haki, ƙafafunta duk jan taɓo.

Ta ce, "An tafka ruwa a kan duwatsu, rafi ya cika yana tahowa. Ku mirgina ƙwanku zuwa tudu, akwai sauran lokaci!"

Iyaye mata suka juya ga Zabuwa. Ta kalli sama, ba ko ɗigon hadari.

"Ƙarya ne!"

Bushiya ta ce, "Yaya Zabuwa, dubi ƙafafunta. Ina ta samo jan taɓo alhali nan ƙasa a bushe take? Kina da fiffike, hau tsamiya ki hango mana."

"Ni? Ni da na ci tara zan hau itace saboda maganar mai bin gindin shanu? Kowa ta zauna a kan ƙwanta!"

Suka zauna. Belbela ta roƙe su har muryarta ta dishe, sannan ta tashi.

Bushiya ta ce, "To ni zan dubo." Ta bi cikin rafin da 'yan gajerun ƙafafunta, ba wanda ya raka ta.

Kafin azahar suka ji rugugi. Ruwa ya karyo kwana, ja wur, ɗauke da itatuwa. Masu fiffike suka tashi sama suna kururuwa, suna kallon ƙwansu na tafiya. Ko ɗaya ba a tsirar ba. Bushiya kuwa, da ita ruwan ya fara haɗuwa, ba a sake ganinta ba.

Kunkuru ya shige cikin ƙoƙonsa. Da ruwa ya janye, aka riƙa ganin Zabuwa tana bin gaɓa ita kaɗai, tana juya ɓawon ƙwai da baki, tana kiran 'ya'yan da ba ta taɓa gani ba. A shekarar nan ba a ji kukan ɗan tsako a fadamar ba.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ƙaryata komai ba wayo ba ne, sakaci ne irin na mai gaskata komai. In labari ya zo muku, ku tambayi wa ya gani, ku nemi alama, ku je ku duba in da hali. Kuma ku yi hattara da wanda kuke miƙa wa kunnenku, domin ran da ya yi kuskure, ba shi kaɗai zai yi asara ba.